Kwano ya shiga, wasiƙa ta fito

Ruwa ake yi ranar da na sauka birnin Rum, irin yayyafin nan da ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya bi shi a hankali har ya taɓa ƙashi. Watan Nuwamba ne. Taron da ya kai ni Italiya a arewacin ƙasar aka yi shi, aka tashi ranar Alhamis, jirgina kuwa sai Litinin. Maimakon in zauna a otal ina ƙirga kwanaki, sai na hau jirgin ƙasa na gangaro kudu wurin wani tsohon abokina. Ajinmu ɗaya a sakandare, gadonsa na sama, nawa na ƙasa. Ni na zama malamin makaranta, shi ya zama limamin Katolika, aka turo shi ƙarin karatu. Tun da aka naɗa shi nake ce masa Fada, shi kuma ya ce mini Malam, kowa da 'yar tsokana a muryarsa.

A tashar Termini ya tarye ni da lema. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, da wannan 'yar shaddar ka zo Roma? To, sanyi zai yi maka wa'azin da ni ban isa in yi maka ba." Shi Roma yake cewa, yadda take a Littafi Mai Tsarki na Hausa, ni kuwa Rum na tashi ina ji, sunan sura guda a Alƙur'ani. Muka bar kowa da nasa. Kafin mu fita daga tashar ya tuɓe rigar sanyinsa ya ɗora mini, wata baƙa mai nauyi wadda hannunta ya wuce yatsuna.

Da ya tambayi abin da nake son gani, ya zaci zan ce Kolosiyom ko fadar Batikan. Na ce kurkuku. Bai yi dariya ba, don ya san dalili. Shekarun baya an tsare yayana wata goma sha huɗu a wani gidan yari yana jiran shari'a a kan wata rigimar kuɗi da daga baya kotu ta yi watsi da ita. Ni ne mai kai abinci. Kullum la'asar ina bakin ƙofa da kula a hannu, a buɗe, a sa cokali a tona, a ce in ɗanɗana tukuna. Sau biyu Fada ya raka ni, lokacin da 'yan uwa na jini suka fara samun uzuri. Tun daga nan duk garin da na je sai na nemi inda suke ajiye mutanensu.

Juma'a na tafi babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995, can arewacin gari, na yi salla tsakanin 'yan Bangaladash da 'yan Maroko da 'yan Senegal. Asabar da safe muka fita. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauke mu gaban Kolosiyom, muka juya masa baya muka miƙe babban titin da ya ratsa kufan tsohon birni, har gindin tudun Kafitol. In ba an nuna maka ba, wucewa za ka yi. Wata 'yar coci ce ta ƙungiyar kafintoci, mai sunan Yusufu kafinta, wadda rufinta ya rufta a watan Agustan 2018, Allah ya sa babu kowa ciki. A ƙarƙashinta kurkukun yake. An rubuta Mamertinum a gaban ginin, amma wannan suna ne da aka laƙaba daga baya. Rumawa da kansu carcer kawai suke cewa, ana furta ta "karker", kalmar da ta faɗo mini a kunne kamar tamu ta kurkuku. Ɗakin ƙasan kuma shi ne Tullianum.

Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantar wurin. Daular da ta mallaki duniya daga Ingila zuwa Masar, ga shahararren kurkukunta bai kai zauren wani mai unguwa ba. Ɗaki biyu ne, ɗaya bisa ɗaya. Na saman an gina shi da manyan tubalan dutse masu duhu, a tsakiyar daɓensa akwai rami zagayayye, an rufe shi da ragar ƙarfe. Na durƙusa na leƙa. Fada ya ce, "Wannan ce ƙofar. Matakalar da za mu bi yanzu daga baya aka yi ta saboda masu ziyara. A zamaninsu ta nan ake zura mutum."

Muka sauka. Na ƙasan zagayayye ne, rufinsa kusa da kai, har na riƙa sunkuyawa ba tare da na yi niyya ba. Bango yana gumi. A daɓe akwai wata 'yar rijiya, ruwa yana kwance a ciki har yau. Akwai fitilun lantarki, akwai baƙi uku ko huɗu suna ɗaukar hoto, duk da haka ƙirjina ya yi nauyi. Marubucin tarihin nan Sallust ya siffanta ɗakin fiye da shekara dubu biyu da suka wuce: zurfinsa kamar ƙafa goma sha biyu, bango ta ko'ina, rufin dutse a sama, ga ƙazanta, ga duhu, ga wari. Ƙazantar an share, duhun an kore shi da wayar wuta. Warin danshi dai yana nan, kuma hancina ya gane shi kafin hankalina. Na san shi a jikin rigunan da nake karɓowa in kai wanki.

An kafa wani allon marmara mai sunayen waɗanda suka ƙare a wurin, kowane suna da irin mutuwarsa a gefe. Wanda ya tsayar da ni Yugurta ne, sarkin Numidiya, ƙasar da yau take cikin Aljeriya. Ɗan Afirka ne da ya wahalar da Rum shekara da shekaru, da takobi da kuma jakar kuɗi, har aka ruwaito ya ce Rum gari ne na sayarwa, ranar da ya sami mai saye ya ƙare. Surukinsa ne ya bashe shi. A farkon shekara ta 104 kafin Miladiyya aka zaga da shi gari cikin sarƙa a hawan nasarar Mariyus, janar ɗin Rum, sannan aka kawo shi nan. Masu gadi suka yage masa riga, wajen rububin ɗan kunnensa na zinariya suka tsinke har da fatar kunnen, suka jefa shi rami tsirara. Marubuci Plutarch ya ce da ya faɗa ciki sai ya ce, "Kai, wannan ɗakin wankan naku akwai sanyi!" Kwana shida yana fama da yunwa kafin rai ya yi halinsa. Ina tsaye cikin rigar aro, haƙorana suna neman haɗuwa, na ce lallai mutumin nan bai yi ƙarya ba.

Sauran sunayen na bi su da sauri. Basinjetoriks, jagoran mutanen Gol, Faransa ta yau, da ya miƙa wuya ga Yuliyus Kaisar a shekara ta 52 kafin Miladiyya, aka ajiye shi shekara shida don kawai a nuna shi ranar hawa, aka kashe shi a ta 46. Mutum biyar na makircin juyin mulkin Katilina da aka shaƙe a Disamban shekara ta 63 kafin Miladiyya, Cicero, shugaban gwamnati a lokacin, ya fito ya sanar da jama'a da kalma ɗaya, wai "sun rayu", don bakinsa kada ya ambaci mutuwa. Saminu ɗan Giyora, ɗaya daga jagororin tawayen Yahudawa, bayan an rushe Ƙudus a shekara ta 70 Miladiyya. Al'adar ita ce ayarin hawan nasara ya taho ta dandalin gari, daidai inda zai fara hawa tudu sai a ware manyan kamammu a shigo da su nan, a tsaya jira a sama har a kawo labarin an gama da su, sannan a yi yanka a ci biki.

Shi ya sa wurin bai da girma. Ba a gina shi don a zauna ba. Fada ya kawo mini maganar wani masanin shari'arsu, Ulpian, na farkon ƙarni na uku: kurkuku na tsare mutane ne, ba na hukunta su ba. Hukunci a wurinsu tara ce, ko bulala, ko kora zuwa wani tsibiri, ko aikin haƙar ma'adinai, ko takobi, ko gicciye, ko a jefa wa namun daji. "Shekara bakwai a gidan yari" ba hukuncin da doka ta tsara ba ne. Na ce, "Ashe dukansu 'yan jiran shari'a ne." Ya ce, "Ko 'yan jiran hauni." Amma shi kansa Ulpian yana faɗin haka ne yana ƙorafin cewa gwamnoni suna ɗaure mutane a matsayin horo, abin da bai kamata ba. Doka tana littafi, mutum yana rami. Jiran kuma ba shi da wa'adi. Littafin Ayyukan Manzanni, cikin Littafi Mai Tsarki, ya ce gwamna Filikus ya riƙe Bulus, ɗaya daga jagororin Kiristocin farko, shekara biyu a Kaisariya, yana yawan kiransa hira, yana sa ran za a miƙa masa wani abu. Da na ji wannan sai da na yi tsaki. Wata goma sha huɗu na yi ina jin "an ɗaga zama".

Abin da ke kawo masu ziyara na addini nan shi ne labarin cewa an tsare manzannin Kirista Bitrus da Bulus a ramin zamanin sarki Nero, ruwan nan ya ɓuɓɓugo ta hanyar mu'ujiza, suka yi wa masu gadinsu biyu baftisma da shi. Akwai ma wani ɗan lotsawa a jikin dutse kusa da matakala da ake cewa gurbin kan Bitrus ne lokacin da aka hankaɗa shi. Na dubi Fada. Ya rage murya, don wata tsohuwa tana addu'a kusa da mu, ya ce, "Ruwan ya girmi manzannin da ɗaruruwan shekaru. Labarin ma sai bayan ƙarnoni aka rubuta shi. Ina girmama wurin saboda hawayen da aka zubar a ciki, na masu laifi da na masu ziyara. Amma in kana neman inda aka rubuta wasiƙu, ba nan ba ne. Dubi wurin da kyau. Wa zai yi rubutu a nan?"

Wannan tambayar ce ta riƙe ni sauran kwanakin. Babu haske, babu takarda, babu tawada, hannu a cikin mari. To ta ina rubuce-rubucen fursunoni suka cika farkon tarihin Kiristanci haka?

Muna fitowa ido ya yi karo da wata ƙatuwar ƙofar marmara, taku kaɗan daga bakin kurkukun, wadda aka gina don girmama sarki Septimiyus Seberus, shi ma ɗan Afirka, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau. An kammala ta a shekara ta 203. Fada ya nuna mini layi na huɗu na rubutun da ke samanta, inda dutsen ya ɗan zurma. Sunan ɗansa Geta ne a wurin da, wansa Karakalla ya sa aka kashe shi, ya sa aka kankare sunan. Ya ce, "Riƙe shekarar da sunan. A wannan shekarar ta 203, a Kartaj kusa da Tunis ta yau, an jefa wa namun daji wata mata a wasan murnar ranar haihuwar wannan Getan. Nasa sunan an goge. Nata littafin muna karantawa."

Perpetuwa ke nan. Shekararta kamar 22, 'yar gidan mutunci, da jariri a nono. Muka fake a wani ɗan shagon shayi, ya buɗe wayarsa yana karantawa da Latin yana juya mini da Hausa. Ta ce da aka shigar da su ta tsorata, don ba ta taɓa ganin duhu irin wannan ba. Ga zafi saboda cunkoso, ga sojoji suna tatsar su, ga tunanin ɗanta yana cin ta. Sai dikononi biyu, masu hidimar cocinsu, Tertiyus da Pomponiyus, suka ba da na goro, aka bar fursunonin su fito wani ɓangare mai dama-dama na 'yan sa'o'i su sha iska. A nan ta shayar da yaron, wanda yunwa ta riga ta galabaitar. Daga baya ta sami izinin ya zauna tare da ita, ta ce nan take kurkukun ya zame mata fada, ta fi son zama a nan da ko'ina.

Na ce ya tsaya. Na ce, "Maimaita wurin na goron." Ya maimaita. Babu kunya a yadda ta faɗe shi, babu neman uzuri, kamar yadda ni ma ban taɓa jin kunyar 'yan canjin da nake dunƙulawa a ƙarƙashin kula ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kurkukun Rumawa ba ya ciyar da mutum abin kirki. Abin da hukuma ke bayarwa, in ta bayar, bai wuce ɗan burodi da ruwa ba. Wanda ba shi da kowa a waje ya mutu a ciki. Dole ƙofa ta buɗu wa mai kwano, kuma mai gadi ya gane cewa buɗewar abinci ce a gare shi shi ma. Hannun da ya shigo da kwano shi ne ya shigo da takarda da alƙalami, shi ne kuma ya fita da abin da aka rubuta. Ni dai haka na fahimci lamarin, na kuma faɗa wa Fada. Ya ce malamansa suna faɗin haka da kalmomi masu tsawo.

Perpetuwa ta rubuta mafarkanta: tsani na tagulla har sama, an kakkafa takubba da ƙugiyoyi a gefensa, maciji a gindinsa. Ta rubuta zuwan mahaifinta, tsoho yana tsige gemunsa yana roƙonta ta ji tausayin furfurarsa. Wannan wurin ya fi taɓa ni fiye da mafarkan, don na ga tsohonmu a bakin waccan ƙofa. Ta tsaya da rubutu ana gobe wasa, ta ce abin da zai faru a filin, mai so ya rubuta. Wani kuwa ya rubuta, har da labarin Felisita, baiwar da aka kama da ciki ta haihu a wata na takwas a kurkukun kwanaki kaɗan kafin ranar. Rubutun Perpetuwa yana cikin mafi daɗewa da ake da su daga hannun mace Kirista.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ma daga bakin maƙiyi ta fito. Wani marubucin barkwanci, Lusiyan, a ƙarni na biyu, ya so ya yi wa Kiristoci dariya a kan yadda wani ɗan damfara ya yaudare su har aka ɗaure shi a Falasɗinu. Ya ce tun asuba za ka ga tsofaffin gwauraye mata da marayu suna jira a bakin kurkuku, manyansu sun sayi masu gadi suna kwana a ciki tare da shi, ana shigo da abinci iri-iri, ana karanta littattafansu, har daga garuruwan Asiya ana aiko wakilai da kuɗi. Shi wauta ya gani. Ni da na yi layin la'asar na san abin da ake nufi da a ce mutum yana da masu zuwa. A Linjilar Matiyu akwai maganar "ina kurkuku kuka ziyarce ni", a wasiƙar Ibraniyawa an ce a tuna da ɗaurarru kamar tare aka ɗaure ku. Mutanen nan sun mai da kai kwano ibada, ibadar kuma ta haifi hanyar aika saƙo.

Lahadi Fada yana da hidima da safe, sai bayan azahar muka haɗu a wata tsohuwar unguwa kusa da kogin Taiba, inda wata coci take a wurin da ake cewa nan Bulus ya yi haya. Ƙarshen Ayyukan Manzanni ya ce ya shekara biyu a gidan da yake biya da kansa, soja yana gadinsa, yana karɓar duk mai zuwa. Ɗaurin talala ke nan, sai dai da sarƙa a hannu. Irin wannan tsarewar ce ke barin mutum ya yi shifta wani yana rubutawa. Cikin wasiƙu 13 da ke ɗauke da sunansa, biyar suna magana daga cikin sarƙa: Filibiyawa, Filimon, Kolosiyawa, Afisawa da Timoti ta biyu. Ni Musulmi ne, abin da na yi imani da shi game da Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daban yake da abin da Bulus ya koyar, kuma ni da Fada mun gama wannan gardamar tun muna 'yan aji uku. Ranar ba aƙida na zo ji ba, muryar ɗaurarre na zo ji.

Wasiƙar Filibiyawa, in ka cire mata rawani, takardar godiya ce ta wanda aka kai wa kwano. Jama'ar Filibi a Makidoniya sun haɗa gudummawa suka ba wani Abafaroditas ya kai masa, mutumin ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa, Bulus ya mai da shi gida da wasiƙa a hannu. Fada ya ce kalmar Girkancin da ya yi amfani da ita wajen cewa "na karɓa duka" ita ce 'yan kasuwa ke rubutawa a rasit. Masana da yawa ma suna ganin daga Afisa aka rubuta ta ba daga Rum ba, saboda kai-da-kawowar da ke cikinta ta yi yawa ga tafiyar fiye da kilomita dubu. Ta Filimon kuwa aya 25 ce kacal, a kan wani bawa, Unisimas, da ya bar ubangidansa Filimon ya haɗu da Bulus a tsare. Bai buɗe ta da kiran kansa manzo ba, ɗaurarre ya kira kansa. Ya ce in yaron yana da bashi a ɗora a kansa, ga shi ya rubuta da hannunsa, zai biya. Mutumin da ake ciyarwa yana ɗaukar lamunin wani. Na yi dariya, don yayana ma daga ciki ya riƙa aiko ni in biya wa wani yaro ɗan ɗakinsu kuɗin beli.

Sauran ukun masana suna gardama ko shi ya rubuta ko almajiransa bayan rasuwarsa. Na zaci Fada zai kauce, sai ya ce, "Ko ma almajiran ne, dubi inda suka zaunar da shi. Ba su sa shi a kan mumbari ba, cikin sarƙa suka sa shi. Kolosiyawa ta ƙare da cewa ku tuna da sarƙoƙina. A duniyar da ɗauri abin kunya ne, har abokai ke gudun mutum, sarƙa ta zama hatimi."

Ta zama kuwa. Ignatiyus, bishop na Antakiya, zamanin sarki Tarajan, an taho da shi Rum ɗaure da sojoji goma da ya kira damisoshi goma, waɗanda in ka kyautata musu sai su ƙara mugunta. A hanya, a Simirna da Taruwasa, jama'a suka riƙa zuwa gaishe shi, ya rubuta wasiƙu bakwai, ya kira sarƙarsa lu'ulu'u. Tertuliyan na Kartaj ya rubuta wa waɗanda ke tsare cewa kurkuku ga Kirista kamar hamada ce ga annabawa, kuma in an duba, duniyar ce babban kurkuku, su fita suka yi daga cikinsa. Da Fada ya kawo wannan na ce masa, "Duniya kurkukun mumini ce, aljannar kafiri. Muslim ne ya ruwaito." Na ƙara masa da Imam Sarakhsi, da aka ce daga cikin rijiyar da aka tsare shi a Uzgand ya riƙa yi wa almajiransa shiftar Al-Mabsuɗ suna zaune a bakin ramin. Ya ce, "To ka gani, Malam, har a rami ma ba ku bar mu mu kaɗai ba."

Kada dai a ɗauka duk labarin fada ne da lu'ulu'u. Wasiƙar da Kiristocin Liyon na Faransa suka aika bayan tsanantawar shekara ta 177 ta ce an cusa su a wuri mafi duhu, an buɗa ƙafafunsu a turu har rami na biyar, da yawa numfashi ya ƙare musu a ciki. Bishop ɗinsu, Potinus, ya haura shekara 90, kwana biyu ya yi ya cika. Waɗannan ba su bar ko layi ɗaya ba. Kuma darajar sarƙa ta zo da nata rikicin. A tsanantawar sarki Desiyus ta shekara ta 250, waɗanda suka tsorata suka yi wa gumaka yanka sai suka riƙa zuwa kurkuku neman takardar ceto daga hannun ɗaurarru don a mai da su cikin coci, wasu takardun ma an rubuta "a karɓi wane da mutanensa", ba suna ba adadi. Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya sha fama da wannan. Shi ne kuma ya rubuta wa limamansa cewa masu ziyara su daina zuwa a ayari, a riƙa sauya fuska, kada a ja hankalin masu gadi a rufe ƙofar gaba ɗaya. Wannan shawara ce ta wanda ya san bakin ƙofa. Sai a shekara ta 320 sarki Kustantin ya yi dokar a daina matse ɗaurarru da marin da ke cin ƙashi, a riƙa fito da su su ga rana kullum. Dokar da ta ce a bar mutum ya ga rana ta gaya maka yadda ake ciki kafin ta.

Da yamma muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa babbar cocin Bulus da ke bayan ganuwa, wadda gobara ta cinye a 1823 aka sake ginawa. Girmanta ya sa na ji kamar tururuwa. A saman kabarin, cikin wani akwatin gilashi mai haske, an ajiye 'yar guntuwar sarƙa, ƙarfe baƙi, zobba kaɗan. Ta Bitrus tana wata cocin daban a kan tudu, inda baƙi ke cincirindo gaban mutum-mutumin da Michelangelo ya sassaƙa wai Annabi Musa. Can na kau da kai na wuce. Ko sarƙoƙin na ainihi ne ko ba su ba, abin da na tsaya kallo shi ne zinariya da marmarar da aka tara don a kewaye abin da ake ɗaure ɓarawo da shi.

A hanyar komawa sanyi ya sauko sosai. Na cusa hannu cikin aljihun rigar aro. Fada ya ce akwai ayar da ya fi so a duk wasiƙun, kuma ba ta da wani tauhidi a ciki. A Timoti ta biyu, inda Bulus ya ce a zaman farko na shari'arsa babu wanda ya tsaya masa, kowa ya gudu, bayan ya yi wa gidan Onisifaras addu'a don shi bai ji kunyar sarƙarsa ba, ya zo Rum ya yi ta cigiya har ya same shi, sai ya ce wa almajirinsa Timoti in zai taho ya zo masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafai, musamman fatun nan masu rubutu. Ya kuma yi ƙoƙari ya iso kafin hunturu.

Ban ce komai ba har muka wuce tasha biyu. Yayana ba ya rubuta dogon zance. Takardunsa a bayan kwalin magani yake yin su, ya naɗe ya cusa tsakanin murfin kula da robarsa, in na isa gida in zare. Guda ɗaya tana nan a cikin akwatina, ta watan Disamba. Ya ce a gaida Inna, a ce mata yana cin abinci. Ya ce in kawo bargo, da Alƙur'aninsa mai bangon fata, da man zafi.

Litinin da asuba Fada ya raka ni Termini, inda jirgin filin jirgin sama yake tashi. Na tuɓe rigar na miƙa masa. Ya ce in tafi da ita, harmatan na jirana a gida. Na ce hannunta ya yi mini tsawo. Ya ce in kai wa Yaya.